Aiki ya dawo bayan korona, to kuɗin aikin fa?

Malam Na-Gwandu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya ina neman takardar haihuwar yaro a cikin wata tsohuwar jaka, sai na ci karo da ɗan littafin da matata ta riƙa rubuta bashin mai shago a 2020. Shafi goma sha ɗaya. Garin kwaki, omo, magi, manja na naira ɗari, ranar da aka ji daɗi a ga an rubuta sukari. Daga Afrilu har Oktoba sau biyu kacal na ga inda ta rubuta "an rage".

Lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi, albashina 22,000. Aka rufe makarantu a ƙarshen Maris, aka ba mu rabin na watan, daga nan waya ta daina shiga. Da aka buɗe a Oktoba aka tara mu a ofis aka ce wanda ya yarda da 15,000 ya ɗauki alli, wanda bai yarda ba ga hanya. Mu goma sha tara ne, sha biyu muka ɗauki allin.

Abin da ya sa na kawo maganar, kwanaki na ji wani a rediyo yana cewa ayyukan da annobar ta cinye duk sun dawo tun kafin shekarar ta ƙare. To ni ma na koma aiki, ba ƙarya ya yi ba. Amma ina tambaya: a cikinmu nan wa ya koma samun abin da yake samu kafin korona?

Alhaji Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah shi kyauta. Amma ni in za a bi gaskiya, korona ba ta kai ruwa ɓarna ba a Kabi. Ambaliyar da anka yi a Agusta da Satumba na 2020 ita ta karya mutane. Shinkafa ta kusa yanka, ruwa ya zo ya shafe fadama tun daga Argungu har Bagudo. Ga kuma boda da anka rufe tun Agustan 2019. Komi ya faru sai a ce korona. Ta zama jakin dako, kowa shi aza mata kayanshi.

Ɗan Kamba:
Baba Alhaji ka riga ni. Mu a Kamba korona ta tarar da mu a kwance ne. Ni dako nake yi, ina da yara shida da muke loda tare, mota ta zo daga Gaya ta Nijar mu sauke, mu loda wata. Tun da aka rufe iyaka wata bakwai kafin cutar muke zaman kashe wando. Kuma ko da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari a Disambar 2020, tamu ba ta cikin lissafi, sai Afrilun 2022 aka waiwaye mu. To ka ga in ka ce in ware maka wahalar korona daga wahalar boda, wallahi ban san inda zan sa wuƙa ba.

Malam Na-Gwandu:
Baba, ban musa ruwa ya yi ɓarna ba. Amma ruwa bai rufe makarantar da nake aiki ba.

Bature Jega:
Ni fa har yau ban ga wanda korona ta kashe da idona ba. Cutar masu hawa jirgi ce, aka kulle talaka a kanta.

Shugaban Zaure:
Bature, don Allah kar mu koma waccan gardamar, mun yi ta har mun gaji. Cutar ta ɗauki rayuka, har da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Abba Kyari a Afrilun 2020, Allah ya jiƙan musulmi. Maganar yau aiki da albashi ce. Dakta, muna ganin kana karantawa, ka ce wani abu.

Dakta Kalgo:
Ina nan ranka ya daɗe, ina jira manya su gama.

Malam, mutumin rediyon nan da kai duk kuna da gaskiya, kuma a nan matsalar take. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya sun riƙa buga wa magidanta waya wata-wata suna tambayarsu halin da suke ciki. A zagayen farko, tsakanin Afrilu da Mayun 2020, kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke da aiki kafin cutar sun ce sun daina aiki saboda ita. Kashi 79 na gidaje sun ce abin da ke shigo musu ya ragu. Watanni kaɗan bayan sassauta kulle, yawan masu cewa suna aiki ya koma kusan yadda yake a da. Wannan shi ne abin da mutumin rediyo ya riƙe.

Abin da bai faɗa ba shi ne wane irin aiki aka koma. A Ingila gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 na albashin ma'aikacin da aka zaunar a gida. A Amurka wanda aka sallama yana zuwa ya yi rajista a ba shi kuɗin rashin aiki, shi ya sa alƙalumansu suka yi tsalle lokaci guda, kowa ya gani. Mu nan wa zai ba ka? Fiye da mutum takwas cikin goma na masu aiki a Najeriya ba su da takardar ɗauka aiki, ba su da fansho, abin da hannu ya samo yau shi baki zai ci da dare. Irin wannan mutumin ba ya iya zama marar aiki ko da sati biyu ne. Direba ya koma yaron mota, malami ya koma gona, mai shago ya koma tebur. Idan mai ƙidaya ya tambaye shi ko ya yi aiki a satin nan zai ce e. Ciwon ba a yawan ayyuka ya fito ba, a cikin aljihu ya fito.

Alhaji Mai Albasa:
To Dakta, ai ka dawo maganata. Mu ba a ma kulle mu kamar Legas ba.

Dakta Kalgo:
A'a Baba, ban dawo ba tukuna. Gaskiya ne dokar kulle ta ranar 30 ga Maris ta shafi Legas da Ogun da Abuja ne, daga baya Kano ta biyo. Amma cutar ta shigo Kebbi ta ƙofar da ba a tsare ba. Duniya ta tsaya cak, jirage suka sauka, aka daina sayen mai. Kasafin 2020 an gina shi a kan gangar mai dala 57, a Afrilu ta faɗi ƙasa da dala 20, sai da aka sake kasafin a kan dala 28. Jiha irin tamu kuwa kason da ake rabawa a Abuja duk wata shi ne ƙashin bayanta. Dala ta yi wuya, Babban Banki ya ɗaga ta daga wajen naira 306 zuwa 360 a Maris, daga baya ta kai wajen 380, a kasuwar bayan fage kuma ta wuce haka nesa. Taki da maganin feshi da kayan gyaran injin ban-ruwanka duk da dala ake shigo da su. Tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 a zango na biyu na shekarar, ya sake tsukewa da 3.6 a na uku. Wannan ba ruwan Argungu ya kawo shi ba.

Ruwa da boda sun yi nasu, ban rage musu komai ba. Uku ne suka haɗu a kan mutum ɗaya.

Ɗan Legas:
Ku bari in ba ku nawa, don ni na ga kullen da idona. Kabu-kabu nake yi a Legas shekara shida. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 aka hana mu hawa manyan unguwanni, muka koma lungu muna lallaɓawa. Wata biyu bai cika ba aka ce kowa ya zauna gida. Wane gida? Mu tara ne a ɗaki ɗaya, da can ma kwanan karɓa-karɓa muke yi, masu aikin dare su shigo mu fita. Ranar aka ce duk mu tara mu kwanta lokaci guda.

Sati uku na ci abin da na tara. Na sayar da babur ɗin a rabin kuɗinsa ga wani da ya san ba ni da zaɓi. An hana tafiya daga jiha zuwa jiha, amma motocin abinci suna wucewa, sai muka samu wata tirela da ta sauke albasa a kasuwar Mile 12 za ta komo. Mu ashirin da wani abu a ƙarƙashin tamfol, warin ruɓaɓɓiyar albasa har cikin maƙogwaro, duk shingen da aka zo direba ya buga jikin mota sau biyu, mu yi lamo kamar buhuna. Azumi ne a bakinmu. Kwana uku kafin mu ga Yauri.

Na iso gida na tarar ba ni kaɗai ba ne. Na Fatakwal sun dawo, na Abuja sun dawo, masu yankan farce, masu gadi, masu tura ruwa. Da damina ta sauka duk muka fita neman ƙwadago. In mai gona ya zo bakin kasuwa da safe yana neman mutum biyar, mutum talatin za su miƙe. Aikin da ƙanena ya ce bara ana biyan dubu ɗaya da abincin rana, ni na yi shi a ɗari bakwai ba abinci. Ba wanda ya zalunce ni, ni na ce na yarda tun kafin na kusa da ni ya ce ɗari shida.

Alhaji Mai Albasa:
Kai yaro, wanga zance naka ya ba ni mamaki. Ni a Aliero neman ma'aikata na yi ido rufe ban samu ba. Yaran da munka saba da su na wajen Dosso ta Nijar, masu zuwa cirar albasa da ɗinkin buhu duk shekara, ba su samu ƙetarowa ba. Na gida kuwa sunka ga ba kowa, sunka tsuga kuɗi. Jingar da nike bayarwa dubu goma sai da na ba da ita sha huɗu. Ina kuke lokacin?

Ɗan Legas:
Baba muna ƙarƙashin tamfol.

Dakta Kalgo:
Kun ga abin da nake so ɗalibaina su gane ke nan, gobe sai na karanta musu wannan a aji. Muna cewa kasuwar ƙwadago ta ƙasa kamar kasuwa ɗaya ce. Abin da ya haɗe ta shi ne mota. Ɗan ci-rani shi ke daidaita farashin aiki: inda hannu ya yi yawa ya tashi, inda ya yi ƙaranci ya sauka. Da aka datse hanya daga ƙarshen Afrilu har 1 ga Yuli, sai kasuwar ta farfashe. Baba yana neman hannu a Afrilu a Aliero, Ɗan Legas yana neman aiki a Yuni a Yauri, tsakaninsu tafiyar sa'o'i kaɗan, amma ba su haɗu ba.

Kuma akwai asarar da ba a gani. Kuɗin da Ɗan Legas yake turowa gida duk sati ya tsaya. Wanda da shi ke ciyarwa ya dawo a ciyar da shi.

Maman Husna:
Sannunku da ƙoƙari, tun ɗazu maza ke magana. Dakta, masu buga wayar nan, wa suke bugawa? Maigida. Mu ba ma cikin lissafin kowa.

Ni awara da dafa-duka nake sayarwa a ƙofar wata firamare, lokacin tara. Rana ɗaya aka ce an rufe, waken suyan da na jiƙa na gobe yana cikin bokiti. Mu wajen goma sha biyar ne a bakin ƙofar nan, mai alawa, mai ƙanƙara, mai gyaɗa. Ba mai makaranta da zai ba mu ko rabin wata. Aka kuma taƙaita biki da suna, to ku lissafa: mai kitso, mai ƙunshi, mai girkin biki, mai hayar kujeru da rumfa, mai ɗinkin anko. Duk yawancinsu mata ne.

Abin da ya fi ci mini rai adashinmu. Mu goma, ɗari biyar kullum. Huɗu sun kwasa, ni ce ta shida. Sati na uku da rufe makaranta uwar adashi ta aiko a ce kowa ta yi haƙuri. Ba cinyewa ta yi ba, waɗanda suka kwasa ne ba su da abin zubi. Na ci jarin, na sayar da ƙaramin firjin da nake ƙanƙara da shi. Da aka buɗe makaranta na koma ƙofar da faranti ɗaya, da can kuwa da kula biyu nake zuwa. In mai ƙidaya ya zo zai rubuta Maman Husna ta koma sana'arta.

Malam Na-Gwandu:
Maman Husna, wallahi ban taɓa tunanin ku ba sai yau. Kullum ina wuce irinku a ƙofa.

Hajiya Mai Makaranta:
Na yi shiru ne don kar a ce ina kare kaina, amma Malam ka bari in faɗi namu ɓangaren. Ba ni ce uwar ɗakinka ba, ban san abin da ya faru a wajenku ba, nawa na sani.

Makarantar kuɗi ba ta da rijiyar mai. Kuɗin makaranta shi ne albashi, shi ne haya, shi ne alli. An rufe mu ana saura kwanaki a yi jarabawar zango na biyu, lokacin da iyaye masu bashi suke biya don kar a hana yaro zama. Ba su biya ba. Zango na uku ya tafi ɗungurungum. Mai gidan da muke haya bai ce korona ba. Na sayar da sarƙata na raba wa malamai dubu biyar-biyar kafin ƙaramar salla, na san ba komai ba ne, amma iyakar abin da ke akwai ke nan. Da aka buɗe, kusan kashi ɗaya cikin uku na yarana ba su dawo ba, an mai da su ta gwamnati, wasu 'yan matan ma ba a mai da su ko'ina ba. In na ƙara kuɗi sauran su gudu, in ban ƙara ba in biya malamai da me?

Tallafin gwamnatin tarayya na Survival Fund ya taimaka, ban ɓoye ba. Amma sai kana da rajistar kamfani da lambar BVN ta kowane ma'aikaci, kuma mutum goma ne iyaka. Nawa sun samu 30,000 na wata uku. Ina da ma'aikata ashirin da biyu har da masu shara da maigadi. Ranar da zan zaɓi goman nan ban yi barci ba.

Malam Na-Gwandu:
Hajiya na ji, kuma Allah ya saka miki da sarƙar. Amma ki amsa mini abu ɗaya. Bayan shekara biyu yara sun dawo, aji ya cika, kuɗin makaranta ya ninka. Me ya hana albashin ya koma inda yake? A wajenmu 15,000 ɗin nan na wucin gadi aka ce, sai da ya shekara biyu da rabi.

Hajiya Mai Makaranta:
Gaskiya ɗaya ce. Duk sanda na nemi malami ɗaya, takarda arba'in ke zuwa, har da masu digiri na biyu. Ba na jin daɗin faɗa, amma wanda yake da arba'in a layi ba ya gaggawar ƙari.

Dakta Kalgo:
Hajiya ta faɗi abin da littattafanmu ke zagaye-zagaye kafin su faɗa. Kuma ku tuna a tsakiyar wannan hali, a Yuni da Yulin 2020, aka yaye rukunin farko da na biyu na N-Power, matasa wajen dubu ɗari biyar da ke karɓar 30,000 a wata, da yawansu a aji suke. Duk suka shigo layin nan na Hajiya.

Doka ma ba ta tare da Malam. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 30,000 da Buhari ya sa wa hannu a Afrilun 2019 ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin kamasho da masu aikin gona na lokaci-lokaci. Hajiya da mutum ashirin da biyu ba ta karya doka ba. Baba Alhaji da 'yan jingarsa ma haka.

Bature Jega:
Ma'aikatan gwamnati dai su suka ci riba. Suna kwance a gida alat na shigowa.

Kawu Mai Ritaya:
Bature ɗana, zo ka zauna in gaya maka yadda ribar take. Lokacin saura shekara biyu in ajiye aiki. E, albashi bai tsaya ba, alhamdu lillahi, ba kamar 'yan'uwanmu na Kaduna ba da aka yanke wa manyan ma'aikata kashi 25. Amma kafin korona mutum tara nake ciyarwa. A watan azumin nan na ƙirga waɗanda ke jiran tukunyar gidana, ashirin da uku. Ƙanena direban Sakkwato da aka hana lodi, da iyalinsa. 'Ya'yan 'yar'uwata biyu da suka dawo daga kudu. Ɗana na jami'a da yajin aikin malamai ya zaunar tun Maris har Disamba. Almajirai uku na danginmu da aka kwaso daga wata jiha aka sauke mana.

Dakta ya ce a Ingila gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki. To a nan ma akwai mai biya, sunansa ɗan'uwa mai albashi. Ba a rubuta shi a kasafi ba, ba a yi masa godiya a rediyo ba. Ranar 25 ga wata wayata takan fara ƙara tun kafin alat ya shigo, don sun fi ni sanin ranar.

Ga kuma abin da ya fi yanka zafi, wanda ba a sanarwa. Ba wanda ya rage mini ko kwabo a takarda, amma kwanon gero ya rage mini.

Dakta Kalgo:
Kawu, wannan na ƙarshen akwai lissafinsa. Hauhawar farashi tana wajen kashi 12 a farkon 2020, ta kai 15.75 a Disamba, ta kai 18.17 a Maris na 2021. Ta abinci kaɗai a watan ta kai 22.95. Ma'ana cefanen da ka yi da 30,000 a Maris na 2020, bayan shekara ɗaya sai ka nemo kusan 37,000. Wanda albashinsa bai motsa ba an yanke masa kusan kashi ɗaya cikin biyar a wajen abinci, ba takarda, ba taro, ba ƙungiyar ƙwadago da za ta yi zanga-zanga. Malam kuwa an yanke shi sau biyu, ɗaya a ofis ɗaya a kasuwa.

Yaron POS:
Kar a jefe ni, amma ni shekarar ce ta tsayar da ni da ƙafafuna. Bankuna suka riƙa shigar da mutane kaɗan-kaɗan, layi har titi, rana tana dukan mutane. Na ari 80,000 wajen yayata na karɓi na'ura na kafa lema nesa kaɗan da layin. Kafin babbar salla na biya ta. Yanzu ina da rumfa uku da yara huɗu. Telan kusa da ni ma ya yi wata biyu ba ya ɗinka komai sai takunkumi.

Maman Husna:
Yaran naka huɗu nawa kake ba su?

Yaron POS:
Inna, wannan kuma sirrin kasuwa ne.

Maman Husna:
Na gane.

Ɗan Kamba:
Ni na samu shiga aikin nan na gwamnatin tarayya na mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, mu a Kebbi 21,000 ke nan. A farkon 2021 aka fara, 20,000 a wata har wata uku. Mun share kasuwa mun yashe kwata. Kuɗin na haɗa da na wani muka sayi injin ban-ruwa na hannu, da shi nake noman rani har yau. Ban raina ba. Amma wata uku ba aiki ba ne, ruwan da ake yayyafa wa wanda ya suma ne.

Alhaji Mai Albasa:
Ni ma kar in yi butulci, wanda ya samu ya ajiye albasa a rudu a 2020 ya ga kuɗi a ƙarshenta, don ta yi tsadar da ban taɓa gani ba. Amma nawa ne sunka iya ajiyewa? Lokacin cira motoci na tsoron hanya, shinge ya yi yawa, kowane shinge da na goro, dillalan kudu ba su zo ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayar da arha don shi biya ma'aikata. Mu da ke da ɗan hali munka saye munka ajiye. Allah shi yafe muna, haka kasuwa take.

Abin da ke ba ni dariya, a tsakiyar Maris ɗin nan muna Argungu wajen bikin kamun kifi, anka dawo da shi bayan wajen shekara goma, har shugaban ƙasa ya zo. Masu masauki da masu abinci da 'yan kabu-kabu kowa na cewa arziki ya dawo Kabi. Sati biyu anka yi, komi ya tsaya.

Malam Na-Gwandu:
Dakta, tambaya ta ƙarshe daga ni. Na ga an ce rashin aiki ya kai kashi 33, sai kuma na ga an ce kashi 4. Ina sauran suka tafi?

Dakta Kalgo:
Ba inda suka tafi, mudun aka sauya. A tsohon awo, wanda bai yi aikin sa'a 20 a sati ba marar aiki ne. Da shi aka samu kashi 27.1 a zango na biyu na 2020 da 33.3 a zango na huɗu, alhali a 2018 yana 23.1. Ka lura tun kafin cutar yana hawa, a nan Baba Alhaji yana da hujja. A 2023 hukumar ta koma awon da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke amfani da shi: in ka yi aikin sa'a ɗaya a sati don samun kuɗi, kana da aiki. Sai ya zama 4.1 a zangon farko na 2023. Ba ƙarya ba ce, haka sauran ƙasashe ke aunawa. Sai dai awo ne da aka yanka wa ƙasar da mutum ke iya zama ya jira aikin da ya dace da shi. Da wannan mudun, Maman Husna da farantinta ɗaya da Yaron POS da rumfarsa uku duk layi ɗaya suke.

Hajiya Mai Makaranta:
Malam, har yanzu kana koyarwa? Ina neman malamin lissafi na babbar sakandare, wanda nake da shi ya samu aikin gwamnati.

Malam Na-Gwandu:
Na bari tun 2023 Hajiya. Da safe ina auna shanshera a wajen wani mai sayen shinkafa, da yamma ina yi wa yara darasi a gida. Amma alli yana raina. Nawa ne?

Hajiya Mai Makaranta:
Ka zo ofis mu yi magana.

Malam Na-Gwandu:
A'a Hajiya, waccan ma a ofis aka yi ta. A faɗa nan gaban Kawu da Baba Alhaji.

Kawu Mai Ritaya:
Hajiya ki faɗa, mu ne shaidu. Ki tuna dai mafi ƙarancin albashi na tarayya 70,000 ne tun 2024, Kebbi ma 75,000 ta sa.

Hajiya Mai Makaranta:
Kawu wannan na masu kason Abuja ne. 45,000, kuma yaransa biyu su yi karatu kyauta.

Malam Na-Gwandu:
Yaran uku ne. Bari in kai wa mai littafin bashi ta duba, duk abin da ta ce zan dawo in faɗa muku bayan isha'i.